MASARAUTUN ƘARƘASHIN TEKU A FIM: WA NA'URA TAKE YI WA BIYAYYA?



GABATARWA

A makon jiya da aka fita tara, gardama ta kaure tsakanin 'yan ajinmu a gindin darbejiya. Wani ya rantse akwai gari a ƙarƙashin teku, da sarki da fada da sojoji, domin ya gani da idonsa a fim ɗin Aquaman da aka tura wa yayansa a memori. Wani ya ce duk aikin kwamfuta ne. Na uku ya ce ai 'yan ruwa ne Turawa suka ɗauko a hoto. Har aka kaɗa ƙararrawa ba a daidaita ba.

Mu nan Gwangwan ba mu da teku. Babban ruwan da yawancinmu muka sani shi ne na madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992. Shi ma ruwan Challawa ba teku yake zuwa ba, haɗuwa yake da Kogin Kano ya bi ta Haɗeja ya nufi Tafkin Chadi. Wanda yake son ganin teku sai ya je Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Duk da haka finafinan teku sun iso mana ta waya da gidan kallo. Shi ya sa Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ɗora mini aikin nazarin guda uku daga cikinsu. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya ara mini wayarsa na kalla, malamin Kimiyya kuma ya duba mini lissafi. Allah Ya saka musu da alheri.

Da na gama kallo sai na lura duka ukun tambaya ɗaya suke yi: idan sarki ya ba da umarnin zalunci, wa zai bi, wa zai ƙi?

MENE NE FIM ƊIN ƘAGEN KIMIYYA?

Shi ne fim ɗin da aka gina labarinsa a kan na'ura ko wani ilimi da babu shi yanzu, amma aka nuna kamar kimiyya ce ta samar da shi. A tatsuniya, idan mutum ya shiga ruwa bai mutu ba, sai a ce aljani ne ya taimake shi ko yana da laya. A ƙagen kimiyya kuwa sai a ce wata riga ce ta ƙarfe, ko wani jirgi, ko wani magani da aka haɗa a ɗakin gwaji. Hausawa ma suna da irin wannan rubutu. A 1969 aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya.

ASALIN LABARIN ATLANTIS

Finafinai biyu daga cikin ukun suna kiran masarautarsu Atlantis. Sunan ya fito ne daga wani masanin ƙasar Girka mai suna Plato, wanda Larabawa ke kira Aflatun. Wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya rubuta labarin wani tsibiri mai arziki da ƙarfin soja, wanda mutanensa suka yi girman kai suka tasam ma cinye maƙwabtansu da yaƙi. Ƙarshenta tsibirin ya nutse a teku cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Har yau ba a gano wannan tsibiri ba, kuma yawancin masana suna ganin misali ne Plato ya buga don yin gargaɗi a kan girman kai. Shi bai ce mutanen sun ci gaba da rayuwa a cikin ruwa ba. Marubutan baya da masu shirya fim ne suka ƙara wannan.

FIM NA FARKO: UNDERSEA KINGDOM (1936)

Wannan tsohon fim ne marar launi, wanda kamfanin Republic Pictures na Amurka ya yi kashi 12, ana nuna kashi ɗaya kowane mako a sinima, kamar yadda ake sakin finafinanmu masu dogon zango a yau.

Girgizar ƙasa ce ta addabi duniya. Wani masani, Farfesa Norton, ya gano daga ƙasan teku take tasowa. Sai ya shiga jirginsa mai nutso tare da ɗansa Billy, da wani sojan ruwa mai suna Crash Corrigan, da wata 'yar jarida. Suka tarar da Atlantis tana nan a ƙarƙashin wani ƙaton rufi da ya tare ruwa. Mutanenta sun rabu biyu: masu fararen riguna a ƙarƙashin Sharad, da masu baƙaƙen riguna a ƙarƙashin wani azzalumi mai suna Unga Khan. Shi ne yake haddasa girgizar da na'urarsa, kuma burinsa ya hau sama ya mallaki duniya.

Unga Khan yana da sojoji na ƙarfe da ake kira Volkites. Idan ka gan su sai ka yi dariya, domin sun yi kama da duro mai ƙafafu. Amma ba sa gajiya, ba sa tausayi, ba sa tambaya. Da ya kama Farfesa Norton, farfesan ya ƙi yi masa aiki. Sai ya sa shi a wata na'ura mai juya tunani. Da ya fito, mutumin nan mai ilimi ya koma kamar bawa, ya shiga haɗa injinan da za su ɗaga hasumiyar Unga Khan zuwa saman teku.

Akwai kuma wani soja daga masu baƙaƙen riguna, sunansa Moloch. An haɗa shi faɗa da Crash, Crash ya kayar da shi amma ya ƙi kashe shi. Daga ranar Moloch ya bar azzalumin ya bi wanda ya bar shi da rai. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A ƙarshe hasumiyar ta fito saman teku, jiragen yaƙi suka ragargaza ta.

FIM NA BIYU: AQUAMAN (2018)

James Wan ne ya ba da umarni, Jason Momoa ya fito a matsayin Arthur. Uban Arthur mutumin tudu ne mai gadin hasumiyar fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, uwarsa kuma Atlanna, sarauniyar Atlantis. Ƙaninsa Orm, wanda suke uwa ɗaya, shi ne a kan karaga.

Orm yana da ƙorafi na gaskiya. Mutanen tudu suna zuba shara da guba a teku suna kashe halittun ruwa. Har ya turo igiyar ruwa ta kwaso sharar ta watso musu ita a bakin gaɓa. Amma maganin da ya zaɓa shi ne yaƙi, kuma yana son ya haɗe sauran masarautun teku a ƙarƙashinsa. Da ya ga Sarki Nereus yana jan ƙafa, sai ya ƙulla makirci. Ya yi hayar wani ɗan fashin teku, wanda daga baya ake kira Black Manta, aka kawo jirgin yaƙi mai nutso na mutanen tudu ya buɗe wuta a wurin taronsu. Nereus ya zaci da gaske an kawo musu hari, ya shiga yaƙin.

A nan sai mu lura da jirgin. Mutanen tudu ne suka ƙera shi don tsaron ƙasarsu, amma da ya faɗa hannun wani sai ya zama shaidar zur a kansu.

Mutumin da ya fi ba ni tunani shi ne Vulko, wazirin Orm. Yana tsaye kusa da sarki kullum, amma tun Arthur yana yaro yake zuwa a ɓoye yana koya masa faɗa da iyo, saboda amanar Sarauniya Atlanna da kuma tsoron kada Orm ya jefa jama'a cikin halaka. Da Orm ya gane sai ya sa aka tsare shi. A ƙarshe Arthur ya samo mashin nan mai baki uku na Sarki Atlan, ya kayar da Orm, amma ya ƙi kashe shi.

FIM NA UKU: BLACK PANTHER: WAKANDA FOREVER (2022)

Ryan Coogler ne ya ba da umarni, kuma an yi bikin nuna fim ɗin a Legas a watan Nuwamba na 2022. A nan sunan masarautar ruwan Talokan, sarkinta Namor. A labarin, kakanninsu mutanen yankin Yucatan ne na ƙasar Meziko, waɗanda suka gudu cikin teku lokacin da Sifaniyawa suka zo da mulkin mallaka da cutar agana.

Wannan fim ya shafe mu mu ɗalibai, domin ɗaliba ce ta jawo rigimar ba tare da ta sani ba. Riri Williams, 'yar shekara 19 a wata jami'ar fasaha ta Amurka, ta ƙera na'urar gano wani ƙarfe mai daraja da ake kira vibranium, a matsayin aikin makaranta. Sai hukumar leƙen asirin ƙasarsu ta ɗauki na'urar ta kai Tekun Atalantika tana bincike. Namor ya ga idan aka gano ƙarfen, an gano garinsa. Ya je Wakanda ya ce a kamo masa wanda ya ƙera na'urar ya kashe, in ba haka ba a shirya yaƙi.

Gimbiya Shuri ta ƙi miƙa yarinyar. Namor ya cika babban birnin Wakanda da ruwa, Sarauniya Ramonda ta rasa ranta wajen ceto Riri. Kafin nan Ramonda ta tuɓe Okoye daga shugabancin dakarun fada saboda an sace Shuri a hannunta. Okoye ba ta yi fushi ta koma wa abokan gaba ba. Da yaƙi ya zo ta dawo ta tsaya wa ƙasarta. Da Shuri ta yi galaba a kan Namor tana da damar ɗaukar fansar uwarta, amma ta ga idan ta kashe shi yaƙin ba zai ƙare ba, sai ta bar shi suka yi sulhu.

DARASIN BIYAYYA

Idan muka jera finafinan nan uku za mu ga biyayya iri uku.

1. Biyayyar inji. Ita ce ta Volkites, da jirgin da Orm ya yi makirci da shi, da na'urar Riri. Na'ura ba ta san mai gaskiya ba, ba ta san azzalumi ba. Duk wanda ya riƙe makunninta shi ne ubangidanta. Farfesa Norton ma wannan sahun ya shiga bayan an juya masa tunani.

2. Biyayyar biyan buƙata. Ita ce ta Black Manta. Ba ruwansa da Atlantis ko sarkinta. Abin da za a ba shi da fansar da yake nema a kan Arthur su ne suka haɗa shi da Orm.

3. Biyayyar mai hankali. Ita ce ta Moloch da Okoye. Mai irinta yana girmama na gaba, yana jure hukunci ko da ya yi masa ciwo, amma idonsa a buɗe yake, yana duba ko abin da aka sa shi daidai ne.

Hausawa suna cewa bin na gaba bin Allah, kuma gaskiya ne. Makarantar da ba a bin shugaban makaranta da malamai da monita kasuwa ce. Amma a Islamiyya an koya mana biyayya tana da iyaka, ba a bin kowa a kan saɓon Allah.

Ba sai mun je ƙasan teku za mu ga Volkites ba. Lokacin zaɓe muna jin labarin matasan da ake ba kuɗi kaɗan da ƙwaya da makami a ce su je su tarwatsa taro ko su sari wanda ba su taɓa faɗa da shi ba. Ƙwayar nan ita ce na'urar Unga Khan mai juya tunani. Bayan zaɓe wanda ya aike su yana gidansa, su kuma wani yana asibiti, wani yana gidan yari. A makaranta ma akwai ƙaramin misalinsa: babban ɗalibi ya aiki ƙarami ya ɗauko masa abu a jakar wani, ko ya shigar masa da takardar satar amsa, ko 'yan unguwa su ce a taru a daki wane bayan an tashi. Wanda ya ce "ai sa ni aka yi" ya mayar da kansa inji.

Game da Vulko kuwa, ni a ganina niyyarsa mai kyau ce amma hanyarsa tana da haɗari, domin ya yi shekaru yana nuna wa sarki fuska biyu. Wannan na bar mana mu tattauna.

Ga masu sha'awar ƙere-ƙere a cikinmu, labarin Riri bai ce a daina ƙira ba. Cewa yake mai ƙira ya riƙa tambayar wa zai riƙe abin da ya ƙera, kuma me za a yi da shi.

INA GASKIYA, INA ƘAGE?

Yanzu mu koma kan gardamar gindin darbejiya. Shin mutum zai iya zama a ƙasan teku kamar yadda ake nunawa? Ga abin da kimiyya ta ce:

1. Numfashi. Kifi yana da gaɓa a gefen kansa da take tace oksijin daga ruwa. Huhun mutum iska kawai ya sani. Idan ruwa ya cika shi, mintuna kaɗan ne ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

2. Haske. Hasken rana yana raguwa ƙwarai bayan zurfin mita 200, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Matsakaicin zurfin teku ya kai wajen mita 3,700.

3. Matsin ruwa. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki. Wuri mafi zurfi a duniya yana Tekun Fasifik, a Ramin Mariana, kusan mita 11,000. A can, wurin da bai wuce faɗin farce ba yana ɗauke da nauyin da ya kai tan ɗaya, wato buhun masara goma masu kilo 100. Mutane biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, sun isa can a 1960, amma a cikin ƙwallon ƙarfe mai kauri na jirgin Trieste. A watan Yuni na 2023 kuma matsin ruwa ya murƙushe wani ƙaramin jirgi mai suna Titan a hanyarsa ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, mutum biyar suka mutu.

4. Vibranium. Ku duba jadawalin sinadarai. Guda 118 ne, babu shi a ciki.

5. Yadda aka ɗauki Aquaman. Yawancin wuraren da ake ganin 'yan wasa suna iyo, a busasshen ɗaki aka ɗauka, an rataye su da igiyoyi. Ruwan da kifayen har da kaɗawar gashin kansu kwamfuta ce ta zana.

Gani ya kori ji, don haka ga gwajin da kowa zai iya yi. Samo gorar roba, ka huda ta da ƙusa wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Toshe hudojin da yatsu, ka cika ta da ruwa, ka ɗora a bakin tebur, sannan ka saki. Za ka ga ruwan hudar ƙasa ya fi fita da ƙarfi, domin ruwan da ke kansa ya fi yawa.

ƊAN NAJERIYAR DA YA KWANA A ƘASAN TEKU

Ranar 26 ga Mayu, 2013, wani jirgi mai jan manyan jirage mai suna Jascon-4 ya kife a teku kusa da Escravos a Jihar Delta, ya nutse zurfin kusan mita 30. Mutum 12 ne a ciki. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya laluba cikin duhu ya sami wani lungu da iska ta maƙale. A nan ya zauna cikin sanyi wajen awa 60. Masu nutso da aka turo gawarwaki suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi.

Ba su fito da shi kai tsaye ba. A wannan zurfin matsin ya ninka na tudu sau huɗu, kuma iskar naitrojin ta narke a jininsa. Da an ɗago shi da sauri, da ta yi kumfa a jikinsa kamar an buɗe lemon kwalba, ta kashe shi. Sai aka sa shi a wani ɗaki na ƙarfe aka riƙa rage matsin a hankali fiye da kwana biyu. Shi kaɗai ya tsira, kuma daga baya ya koyi aikin nutso.

Ga na'ura a hannun mutanen kirki. Haka ma wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙasan teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace ranar 14 ga Maris, 2024, intanet da harkar banki sun tangaɗe a Najeriya da maƙwabtanta. Ashe ko fim ɗin da ake tura mana a memori, mai yiwuwa ta ƙasan teku ya biyo kafin ya iso shagon mai caji.

KAMMALAWA

Wanda ya ce aikin kwamfuta ne shi ya ci gardamar. Babu Atlantis, babu Talokan. Amma azzalumin shugaba da makirci da yaran da ake juya wa tunani duk akwai su, kuma a tudu suke. Allah Ya ba mu hankalin da bai ba inji ba, kada mu miƙa wa wani makunninsa.

Ina kuma roƙon 'yan uwana mu ja kunnen ƙannenmu. Idan damina ta sauka, kada wani ya faɗa kududdufi ko rafi ko dam yana kwaikwayon Aquaman. Shi igiya ce ta riƙe shi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

TAMBAYOYI

1. Wane ne ya fara rubuta labarin Atlantis?
2. Idan mai nutso ya kai zurfin mita 50, sau nawa matsin da ke kansa ya ninka na tudu?
3. Me ya sa ba a fito da Harrison Okene kai tsaye ba?
4. Vulko mai amana ne ko maci amana? Kawo dalilai biyu.
5. Idan wanda ya girme ka ya sa ka abin da ka san laifi ne, yaya za ka ƙi cikin ladabi?

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini gyara, ɗalibi ne ni.

Wassalam.

Daga ɗan uwanku na aji biyu, ƙaramar sakandare,
Ƙungiyar 'Yan Jarida.